Kujerar Masu Laifi

"Ko maza sun ƙare a duniya, ban ga abin da zai kai ki gidan Kafinta ba."

Umma ce ta faɗa, tana ninke wanki a bakin gado, ko ɗagowa ba ta yi ba. Malama na tsaye a bakin ƙofa da jakar makaranta a kafaɗa, tana ƙoƙarin ɓoye hannunta na dama cikin mayafi. Ɓoyon banza ne, tun jiya Umma ta ga bandejin.

"Umma, shi me ya yi?"

"Shi bai yi ba, 'yarsa ta yi. Tun ba ki shiga gidan ba ta kafa miki haƙori a hannu, to in kin shiga fa? Ɗanya za ta cinye ki. Mutumin da har yau zuciyarsa na maƙabarta wajen matarsa, shi za ki je ki ƙare rayuwarki kina lallashi?"

"Yarinya ce, Umma. Shekararta takwas."

"Takwas ɗin ce ta fitar miki da jini. Ki buɗe kunne ki ji ni. Hedimastanku ya biyo ta hannun yayanki, mutum kamili, ba mata, ba ɗa, ba wata rigima a bayansa. Gobe da yamma manyansa za su zo. Ni ba zan yi miki dole ba, kin wuce nan. Amma in kika kunyata ni a gaban mutane saboda mai buga ƙusa, ki sani zaɓi kika yi tsakanina da shi."

Iyaye mata sun iya wannan "ba zan yi miki dole ba" ɗin, dolen da ke cikinta ya fi na tsawa nauyi. Malama ta ce, "Na tafi, Umma." Har ta kai ƙofar gida ba ta ji an ce a dawo lafiya ba.

Ajin da take koyarwa, aji uku, ba nata ba ne ita kaɗai, duk da ita kaɗai ake gani a ciki. Matar Kafinta ce ta fara riƙe shi, har ranar da aka ɗauke ta daga makarantar zuwa asibiti da tsohon ciki, ba ta dawo ba, daga ita har abin da ke cikin. Shekara uku ke nan. Malamai sun zo sun tafi, Hedimastan ma sabo ne, amma marigayiyar kamar ba ta taɓa barin ajin ba. Jadawalin lissafin da ke manne a bango rubutunta ne. Ƙusar da Malama ke rataye jaka ita ta kafa ta. Sau da yawa in Malama ta juya tana rubutu a allo sai tsigar jikinta ta tashi, ta ji kamar akwai mai duba mata rubutun ta baya. Ta waiwaya, ba kowa sai yara.

Yara kuwa ta iya su. Ba ta riƙe bulala, ba ta tsaga maƙogwaro. In surutu ya yi yawa sai ta tsaya ta ɗaga hannu ɗaya sama ta yi shiru, na gaba su ɗaga nasu, na baya su bi, har ajin ya yi tsit. Mai ƙiriniya ta ba shi gogar allo, mai surutu ta sa shi raba littattafai, kafin ya ankara ya zama ɗan sandan aji. Amma babban makaminta ɗaya ne: ba ta faɗar abin da ba za ta yi ba. In ta ce wanda bai gama aiki ba ba zai fita tara ba, ko zai yi kukan jini ba zai fita ba. In ta ce ranar Alhamis za ta ba su labari, ko da zazzaɓi take za ta ba su. Yaran da kansu suke gaya wa sabon zuwa, "Kai, Malama in ta ce, ta ce."

Duk wannan dabara a kan mutum ɗaya ta ƙi ci: 'yar Kafinta, wadda 'yan ajin suka laƙaba wa Barkono.

A aji ɗaya da aji biyu, an ce ko muryarta ba a sani ba. Shigowarta aji uku ke da wuya ta rikiɗe. Ta tsinke wa wannan maɓalli, ta zubar wa wancan ruwa, ta hau benci ta yi carar zakara ana tsakiyar darasi. A gefen teburin malami akwai wata 'yar kujera shuɗiya da Malama ta tarar a ajin. Wadda ta miƙa mata ajin ta ce, "Wannan ta masu laifi ce, duk wanda ya dame ki, ɗora shi nan ya huce." Sauran yara kunyar kujerar suke ji. Barkono kuwa kullum sai ta kai kanta. Da ta zauna sai ta yi lamo, ta rungume gwiwa, ta ƙura wa ƙofa ido har a tashi.

Ta dalilin wannan rigimar Malama ta san uban. A bakin get suke tsayawa, domin shi bai ƙara taka cikin makarantar ba tun rasuwar matarsa. Daga "yau ta yi kaza" aka koma "yaya gajiya", daga nan kuma zuciya ta yi abin da ta saba, ba ta nemi shawarar kowa ba.

Shekaranjiya Hedimasta ya leƙo ajin, ya ga Barkono a kan kujerar, ya ce, "Wannan ai ba horo ba ne, sarauta kika ba ta." Da aka tashi ya sa aka fitar da kujerar, ya ce daga yanzu mai laifi a waje zai tsaya. Malama ta ga maganarsa da hankali, ba ta musa ba.

Jiya Barkono ta shigo, ta dubi gefen teburin, ta ga wayam. Ta je ta yaga littafin maƙwabciyarta gida biyu, sannan ta tako ta tsaya daidai inda kujerar take, tana jira. Malama ta ce, "Waje za ki tsaya." Ta ƙi motsi. Malama kuwa in ta ce, ta ce, don haka ta kama hannunta za ta fitar da ita. Ihun da yarinyar ta kurma har yanzu yana kunnen Malama, ba irin ihun rashin kunya ba ne. Sai ji ta yi haƙora sun nutse a bayan hannunta.

Yau bencin Barkono ba kowa. Ajin ya yi lafiya lau, har lafiyar ta dami Malama.

Lokacin tara Hedimasta ya aika a kira ta. Ya tashi da kansa ya jawo mata kujera, ya rage ƙarfin fanka don kada takardu su tashi. Ba mugun mutum ba ne, wannan ne ma abin haushin. Da mugu ne da ƙin sa ya zo da sauƙi.

"Yaya hannun?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Ki daina ce min ranka ya daɗe in muna mu biyu." Ya yi murmushi, sannan ya gyara fuska. "Na kira uban yarinyar a waya. Gobe zai kawo ta ta kwashe littattafanta. Yau ke ta ciza, gobe idon ɗan wani za ta tsone, me zan gaya wa iyaye?"

"A ƙara min lokaci da ita, don Allah. Akwai abin da ban gane ba tukuna."

"Malama, tausayinki ya yi yawa, shi ne ma abin da ya ja ni gare ki. Amma kin tabbata yarinyar kike tausayi?" Ya tattara takardun gabansa. "Gobe da yamma kawunnaina za su je gidanku. Ina fata ba za su dawo min da kunya ba."

Ta miƙe ta koma aji.

Da aka tashi ba ta nufi gida ba. Shagon Kafinta na ƙarshen layin masu walda, rumfar kwano ce mai warin katako da gam. Ta same shi yana goge ƙafar wani tebur, yana ta gogar wuri ɗaya da ya riga ya yi sumul. Da ya gan ta ya ajiye, idonsa ya sauka kan bandejin, ya kawar da kai.

"Da ba ki zo ba, Malama. Ni ya kamata in zo ban haƙuri, kunya ce ta hana ni."

"Ina take?"

"Tana wajen kakarta. Tun jiya ba ta ci abinci ba, ba ta yi magana ba." Ya goge hannu a jikin rigarsa. "Na yi tunani. Na ji labarin Hedimasta, gari ba ya ɓoye irin wannan. Ki amince masa."

"Haka kawai?"

"Ba haka kawai ba ne."

"Haka kawai ne mana!" Hawayen da ta riƙe tun safe suka ɓalle. "Ni na tsaya gaban Umma ana yayyafa min magana saboda kai, yayana ya daina amsa gaisuwata, kai kuma kana nan kana rabar da ni kamar ragowar katako? In ba ka so na ka faɗa, zan iya ɗauka."

"Kada ki ce haka. Allah ya sani tun da na rufe matata ban ƙara jin ina son gobe ta yi ba sai da na san ki." Ya sunkuyar da kai. "Amma yarinyar nan ita kaɗai aka bar min. Na gaya mata maganarki, na ce Malamarku za ta dawo gidanmu. Ta dube ni kamar na ce zan yanka ta. In na kawo ki tana wannan hali, na cuce ki, na cuce ta. Wa zan zaɓa? Gaya min, wa zan zaɓa?"

"Ni ban ce ka zaɓa ba. Kowa sai ya ce in zaɓa, in zaɓa, na gaji." Ta zauna a kan wani benci da ba a gama ba, tana share fuska da gefen mayafi. "Kuma ban yarda ta tsane ni ba. Wanda ya tsane ka ba ya neman zama kusa da kai. Kullum sai ta yi laifin da zai kai ta kujerar masu laifi, a gefena. Ranar da ta tarar an ɗauke kujerar ne ta haukace."

"Wace kujera?"

"Wata 'yar ƙarama, shuɗiya. An sassaƙa hoton tsuntsu a bayanta."

Kafinta ya dafa teburin.

"Ƙafarta ta hagu ta baya ta fi sauran duhu?"

"E. Ka san ta ne?"

"Ni na yi ta." Ya zauna a ƙasa, cikin garin katako. "Ba ta masu laifi ba ce, Malama. Tata ce. Lokacin ba ta isa shiga aji ba, ba mu da mai reno, uwarta ke tafiya da ita makaranta. Na yi mata kujerar don ta zauna a gefen teburin uwar, tana zane a takarda har a tashi. Na ɗauka an daɗe da jefar da ita. Ban taɓa iya shiga in duba ba."

Malama ta runtse ido. Wata da watanni tana nuna wa marainiya kujerar da ubanta ya yi mata da hannunsa, tana cewa, "Je ki zauna, mai laifi." Yarinyar kuwa ta gane ƙofa ɗaya ce ke kai mutum wurin, ta yi ta bi ta cikinta kowace safiya, tana sayen wurin zamanta da baƙin jini.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Ni ce na ja ta daga wurin."

"Ba ki sani ba."

"Aikina ne in sani." Ta miƙe. "Gobe ka kawo ta da wuri, kafin yara su zo."

"Ba zai canja komai ba, Malama. Hedimasta ya yanke."

"Ka dai kawo ta."

Rana ta yi sanyi lokacin da ta koma makarantar. Mai gadi ya buɗe mata sito yana mita, wai gobe ma za a farfasa tarkacen da ke ciki. Ta tarar da kujerar a kife a kan karyayyun bencina. Ta ɗauko ta, ta kai aji, ta goge ta da jiƙaƙƙen tsumma har cikin fukafukan tsuntsun. Ajin shiru, inuwar tagogi ta miƙe a ƙasa. Ta ɗaga kai ta dubi rubutun da ke bango, karo na farko ba ta ji tsoro ba, kunya ta ji.

"Ki yafe min," ta ce da bangon. "Ban san amana kika bari a nan ba."

Washegari ta riga kowa zuwa. Tana zaune a teburinta ta ji takun ƙananan takalma a baranda. Barkono ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu, idanunta sun kumbura. Can bayanta, a tsakar filin makarantar, ubanta ne tsaye. Ya wuce get yau, amma ƙafarsa ta ƙi ƙarasowa.

Idon yarinyar ya faɗa kan kujerar. Jakar ta suɓuce daga hannunta.

Malama ta kira ta da sunanta na gaskiya, wanda 'yan ajin sun kusa mantawa. "Zo ki zauna."

"Ban yi laifi ba tukuna."

"Ba sai kin yi ba. Taki ce. Daga yau ba mai zama a kanta sai ke, ko kin yi laifi ko ba ki yi ba. Masu laifi zan nema musu wani wuri."

Yarinyar ta tako a hankali kamar mai tsoron kujerar za ta gudu. Ta zauna, ta shafa tsuntsun ta baya ba tare da ta duba ba. Sai ta ƙura wa ƙofa ido yadda ta saba.

"Malama."

"Na'am."

"Kada ki auri Abbana."

Malama ta daure ta ce, "Saboda me? Ba kya so na?"

Yarinyar ta girgiza kai da ƙarfi, hawaye na zubowa. "Wadda ta auri Abba cikinta yana girma. Sai a kai ta asibiti. Ke ki zauna a aji kawai, a nan ba abin da zai same ki."

Malama ta sauko daga kujerarta ta durƙusa a gabanta.

"In kuma sai kin aure shi," yarinyar ta ci gaba, tana jan numfashi, "to ki ce ba za ki mutu ba. Ke in kin ce, kin ce. Ki faɗa."

Kalma ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Da ta faɗe ta, yarinyar za ta yarda, uban zai samu natsuwa, ƙofar da ta rufe za ta buɗe. Malama ta ji kalmar ta hau harshenta, tana da daɗi, tana da sauƙi. Ta dubi idanun da ke jiran ta, idanun da ba su taɓa kama ta da ƙarya ba.

"Wannan ba zan iya ce miki ba," ta faɗa tana kuka. "Ba a hannuna yake ba. Ba a hannun kowa yake ba sai Allah. In na ce miki, na yi miki ƙarya."

Ta jira ihu. Ta ma miƙa hannun, in cizo ne a ƙara.

Yarinyar ba ta yi ihu ba. Ta kalli Malama, ta ce da wata ƙaramar murya, "Mami ta ce. Ranar da cikinta ya yi ciwo, aka zo da mota. Ta ce in zauna a nan kada in tashi, yanzu za ta dawo."

Wani sauti ya fito daga bakin ƙofa. Kafinta ne, ya iso ba su ji ba, ya toshe bakinsa da hannu, kafaɗunsa na girgiza. Shekara uku yana kwana ɗaki ɗaya da 'yarsa, bai san jira take ba.

Barkono ta sauko, ta ja kujerar tana ƙara a kan siminti har ta haɗe da ta Malama. Ta koma ta zauna, ta kamo hannun nan mai bandeji da hannayenta biyu, a hankali, ta ɗora a cinyarta. Wannan karon ba ƙofa take kallo ba.

"To in za ki tafi wani wuri, ki tafi da ni. Kada ki ce in jira."

A waje aka ji hon ɗin motar Hedimasta, mai gadi na jan get. A gida kuwa, Malama ta sani, Umma ta riga ta sa an fito da sababbin kofuna saboda baƙin yamma. Ta san abin da amsar a'a da za ta ba Hedimasta za ta jawo mata a ofis, ta san abin da za ta jawo mata a ɗakin Umma, ba kuma ta san ko za a yafe mata ba.

Ta dubi uban, ta dubi rubutun da ke bango, sannan ta dubi yarinyar.

"Ba zan taɓa ce miki ki jira ba," ta ce. "Na ce."

Kafinta ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya shigo ajin.